Rediyon da Na Kasa Gyarawa

Ni mai gyaran rediyo ne a kasuwar Jahun,
dalma da ɗan ƙarfe su ne gonata.
Ilu ɗan Tasalla kuwa tare muka yi kiwo.
Awakinsa kullum suna cikin waken mutane,
shi yana kan suri, ya miƙe tsaye,
ya kafa gwangwanin madara a kan karan dawa,
yana ba fadama labarin langa:
wane ya saki ƙafa, wane ya sha ƙasa,
ruwa ya sha!
Sau uku babansa na karya karan nan.
To, ina ƙarshen kara a ƙasar dawa?

Wata Laraba Sarkin Pawa ya kawo akwatinsa,
ya ce tari yake yi kamar tsohon jaki.
Na goge, na liƙe, na murɗa,
sai ga Ilu ya faɗo mini a cinya
daga wani fili can a birni,
yana rantsuwa mai tsaron gida ya yi fiffike.
Dalma ta ɗiga a yatsana, ban ji ba.
Tabon na nan.

Shekara talatin da ɗaya.
Damben kaka a Gumel, kokawa a Maigatari,
ƙwallon ƙananan hukumomi, inda raga igiyar guga ce.
Ya san sunan kowane yaro da na unguwarsu,
yakan ce, mutanen Harbo, ku ajiye fartanya,
ɗanku ne ke tafe da ita!
Ranar da ruwa ya cinye filin Haɗeja
a kan rufin mota ya ƙarasa wasan,
lema a hannu guda, makirfo a guda.
Ya taɓa shelar ci, ashe satar gida ce,
gari guda ya yi guɗar banza.
Washegari da bakinsa ya nemi gafara,
ya ce idona ne ya riga alƙali gudu.

Da suka kai shi talabijin
an ɗaure masa wuya da ƙyalle kamar ɗan akuya.
Muka taru gidan kansila, janareta na kuka.
Inna Kande ta matsa har gaban gilashi,
ta ce, duk wannan tsawar
daga wannan ɗan firit ɗin take fita?
Bai ji daɗin kujerar ba, ni na sani,
hannuwansa na ta neman abin riƙewa.

Maƙogwaron ne ya fara yi masa gardama.
Zuma, citta, kanumfari,
daga baya wuƙar likita a Kano.
Suka sallame shi da agogon bango
da takardar fansho da har yau take hanya.

Yanzu a bencina yake wuni.
Samari na wucewa gidan kallo,
su biya kuɗi su ga Turawa na gudu,
ba wanda ya san tsohon da ke riƙe mini tocila.
Na ta da rediyon da ya faɗa rijiya,
na ta da wanda gara ta ci,
wannan kam ya fi ƙarfin dalmata.

Amma ran Juma'a, bayan makarantar firamare,
yaran Aujara sun zo da tamaular da aka ɗinke sau tara.
Muna tsaye gindin darbejiya
sai na ji ya ja hannun rigata.
Na sunkuya, na kara kunne a bakinsa
yadda nake yi wa akwatin da batirinsa ya kusa mutuwa.
Can ƙasa, cikin shuuu,
tashar na nan:
ga shi nan, ɗan gidan Mati mai shayi,
ya yanke ɗaya, ya yanke biyu,
Sabi'u, kar ka motsa,
zai buga.