Launin Mai

Kwana uku ina farautar launin man gyaɗa
a cikin na'ura.
Wannan ya yi gwaiduwa, wancan ya yi zuma.

Alhaji Tankari ya leƙo, goro a kunci:
"Ƙara girman sunana, Harira,
a hango shi tun daga Ɗan Isa."
Na ƙara. Kwalbar ta koma tandun kwalli.

Wuta ta ɗauke ban adana ba.

Da azahar na gangara Mokoyo,
inda Inna Gado ke matsar tunkuza,
na tari man a cokali,
na ɗaga wa rana.

Yau allon na tsaye a hanyar Tibiri.
Inna ba ta karanta boko.
Ta tsai da kabu-kabu, ta daɗe tana kallo:
"Wannan kam ba a gauraya shi ba."