Tsakuwa Ɗaya Ba Ta Isa Shaida

Ni ne Nomau mai haƙar rijiya.
Shekara arba'in ina sauka cikin ƙasa da igiya a ƙugu,
daga Jiratawa har bayan Tibiri.
Teku kam ban taɓa sa shi a ido ba.
Babban ruwana tafkin Madarunfa ne,
shi ma sai shekarar da damina ta yi kirki.

Ga Barira, autata, ta zo hutu.
Ta kife turmi a tsakar gidanmu na Bagalam,
ta ɗora kwamfuta a kai,
ta ce, Baba, matso ka ga gindin teku.

Na matsa. Ja, rawaya, shuɗi,
kamar atamfar da aka manta a kan igiya.
Ta ce wata uku jirginsu na kai da kawowa,
kunya bayan kunya, tamkar garmar shanu,
yana jefa amo ƙasa, yana jiran dawowarsa.
Dutse kan amsa da ƙarfi,
yashi a hankali,
laka kuwa sai ta haɗiye rabin maganar.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe sana'ata ce ta shiga jirgi ban sani ba!
Ni ma tsakuwa nake saki a bakin rijiya,
in kasa kunne, in ƙirga a zuci,
in ce gaba goma sha biyu, kuma da marmara a ƙasa.

To, me kuke nema can?
Wurin kafa ginshiƙai, in ji ta,
dogaye, sun ɗara hasumiyar masallacin Juma'a,
kowanne da fiffike uku.
Iska ta juya su, su haifi lantarki.
Amma kafin a kafa ƙafa
sai an san ɗakin wa za a taka.
Nan ciyawar ruwa ce, kifi ke zuba ƙwai a ciki.
Nan murjani, ya girmi kakan kakanka,
shekara guda bai ƙara tsawon farce.
Nan wasu tsutsotsi sun gina gari da yashi,
ɗaki kan ɗaki, ba magini, ba kwano.
Ta zagaye su da jan layi.
Ta ce, nan ba a taɓawa.

Sai Tarna ta faɗo mini a rai.
Mai gona ya nace in haƙa a gindin gawo,
na sare saiwa uku, na tarar da ruwa mai daɗi,
aka biya ni har da zabi biyu.
Kaka biyu gawon ya bushe a tsaye.
Har yau in na bi hanyar nakan dubi wani gefen.
Ni ba wanda ya ja mini layi.

Ana haka aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya,
teku kaɗai ya rage yana haske a gidan.
Uwarta ta leƙo daga madafa:
ke mai auna wa mutanen ƙetare wuta, ina tamu?
Barira ba ta ɗago ba.
Batir saura kaɗan, ga wani tabo a kusurwa,
ba ja ba, ba rawaya ba,
na'ura ta ce yashi ne, ita zuciyarta ba ta kwanta ba.

Baba, in kai ne fa?

Na ce, sau nawa kuka bi ta kansa?
Ta ce, sau ɗaya, ranar ma igiyar ruwa ta yi yawa.
Na ce, ɗiyata, tsakuwa ɗaya ba ta isa shaida.
Wata kan bugi bango ta yi maka ƙarya.

Ta rubuta: a koma, a sake aunawa.
Ta ce mai kuɗin aikin zai ɓata rai,
kwana ɗaya na jirgi ya fi kuɗin gidan nan.
Ta dai tura.
Gilashin ya mutu a hannunta.

Muka zauna cikin duhu muna korar sauro.
Can wajen Gulbi kwaɗi suka fara,
na ce mata, ji, ruwa na kusa,
bai fi gaba uku ba.