Sashe na Goma Sha Bakwai

Ni ce mai rubuta bayanin taro
a majalisar Burrawinda, can kudancin Ostareliya,
inda watan Janairu ke dafa mariƙin ƙofa.
Kujerata tana lungu, kusa da butar shayi.
Ba ni da ƙuri'a, ba ni da ta cewa.
Yatsuna goma aka ɗauka aiki, ban da bakina.

Wata biyar suna zama.
Bronwyn Tregear ta ƙungiyar ƙwadago a hagu,
tana tauna murfin biro in ranta ya ɓaci.
Ma'aji Ullman a dama, yana shafa takardun lissafi
kamar mai lallashin yaro da zazzaɓi.
Ta ce kashi huɗu. Ya ce biyu.
Ta ce kuɗin haya ya tashi,
ya ce gadar da ruwa ya ci bara tana nan ba a gyara ba.
Babu maƙaryaci a cikinsu,
shi ya sa maganar ta ƙi ƙarewa.
Ni kuwa na rubuta: An tattauna.

Albashi ya tsaya a uku da kwata,
kowa ya koma gida da rabin fushinsa.
Sai sashe na goma sha bakwai
ya tokare mana maƙogwaro kamar ƙayar kifi:
a wane zafi mai zuba kwalta zai ajiye shebur?
Majalisa ta ce digiri arba'in.
Ƙungiya ta ce talatin da shida.
Digiri huɗu suka cinye mana mako bakwai.

Ran wata Talata na'urar sanyaya ɗaki ta mutu.
Aka buɗe taga, iska ta ƙi shigowa.
Fararen aku na ta zage-zage a kan itacen turare.
Stavros Kalimeris, shekara ashirin da tara a bakin titi,
wanda tun fara zaman ban rubuta masa ko kalma ba,
ya sunkuya, ya kwance igiya,
ya ɗora takalminsa na hagu a tsakiyar tebur.
Tafin ya narke ya karkace,
tsakuwa ta nutse a ciki kamar gyaɗa a alewa.

Ya ce, wannan aikin talatin da tara ne.
Na arba'in ban samo muku ba,
an yanke shi daga ƙafar Declan a asibiti.

Shiru.
Ullman ya ɗaga kai ya dubi ma'aunin bango:
talatin da ɗaya kacal,
rigarsa kuwa ta manne da baya kamar an watsa masa ruwa.
Ya ce talatin da takwas, da ƙanƙara a kowace mota.
Bronwyn ta ce da bakwai, da rumfa.
Ya buga lissafi, ya goge, ya sake bugawa.
Ya ce, a rubuta.

Sun kaɗa ƙuri'a a garejin motocin shara,
cikin akwatin kwali da aka tsaga wa baki.
Ɗari da arba'in sun yarda, ashirin da uku sun ƙi.
Stavros na cikin ashirin da ukun.
Ya ce mini, don kada su ɗauka mun ƙoshi.
Kansiloli tara suka ɗaga hannu, ɗaya yana hamma,
takarda ta tafi birni neman hatimi.

Ba ta dawo ba sai Yuni,
raɓa ta daskare a kan ciyawa,
kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi,
an manta yadda rana take cizo.
Na huda ta, na sa a fayil.

Bayanin ranar nan layi ɗaya ne:
An amince da sashe na goma sha bakwai.
Babu takalmi a ciki, babu Declan.
Amma akwai baƙin tabo a tsakiyar teburin,
mai shara ta gwada sabulu iri uku.
Yanzu a kansa ake ajiye farantin biskit.