Ɗaki Mai Kujera Biyu

A asibitin Tawa, can ƙarshen baranda,
ɗakina ne: kujera biyu, buta, da agogon da ya tsaya.
Ba allura, ba ƙwaya.
"To mi kike yi?" in ji wata tsohuwa.
Na ce, "Saurare, Inna."
Ta ce, "Shi ma aiki ne?"

Ubana albasa yake nomawa a Galmi.
A hannunsa na ga yadda ake ɓare ta,
ɓawo bayan ɓawo,
ba a tsawata wa ido don ya kawo ruwa.
Buhu arba'in suka kai ni Yamai,
shekara biyar ina karatun zuciyar mutum.
Takardar ta jami'a ce,
haƙurin kuwa na fadama.

Yau Arzika ya zo, zuwa na huɗu.
Tun dawowarsa daga Libiya barci ya ƙaurace masa.
Su goma sha tara suka hau mota a Agadas,
shi ya ƙirga waɗanda suka sauka.
A gida an ce iska ce. An yi turare, an sha rubutu.
Ban ce a daina ba.
Na ce dai, "Zauna."

Sati uku yana kallon takalminsa.
Yau ya ɗaga kai:
"Ƙaramin, sunansa Illa. Ni na shanye ruwansa."
Ban rubuta komi ba.
Muka bar maganar ta zauna tsakaninmu
kamar baƙuwar da ta sha hanya.

Da la'asar na kulle ƙofa, na hau babur.
Nawa kayan fa, wa zai sauke mini?
Na biya kasuwa,
na sayi albasa mai yaji.