Taswira a Kan Teburin Kicin

Daren Laraba, ruwa na dukan taga a Leicester,
na ture kwanon tuwo gefe, na shimfiɗa taswira.
Wayata ta san hanya, na sani,
amma Baba ba ya yarda da hanyar da yatsa bai bi ba.

Ya ɗora manuniya a kan garinmu,
ya ja ta kudu, kudu, sannan yamma,
har ƙasar ta sirance kamar wutsiyar tarwaɗa.
"Nan ne Cornwall ɗin?" Na ce nan ne.
"To, a nan ƙasa ta gaji."

Ramlatu ta riga ta zagaye Newquay da jan biro.
Shekara goma sha huɗu, teku bai taɓa jiƙa mata gwiwa ba,
amma so take ta tsaya a kan falanki
igiyar ruwa ta ɗauko ta, ta kawo ta gaɓa.
Baba ya dube ta ta saman tabarau:
"Kwalekwale ba baki, ba filafili,
kuma ke ce za ki biya?
A Yawuri wanda ya faɗa ruwa jaje ake yi masa."
Ta ce ai akwai baƙar rigar roba mai hana sanyi.
Ya ce, "Haka ayu yake."

Ni kuwa lissafi nake a bayan takardar kuɗin wuta:
kwana biyar da na roƙa a asibiti tun kafin azumi,
mai, ɗaki biyu, hayar falankin,
da tayar baya mai sace iska a hankali.
Awa biyar, in ji waya. Na rubuta bakwai,
na san mafitsarar tsoho,
na san azahar za ta riske mu a gefen titi.

Tanimu yana son a ratse a ga duwatsun Stonehenge.
"Me suke yi?" in ji Baba.
"Tsayuwa."
"Tun yaushe?"
"Tun kafin kakannin kakanni."
"Masu haƙuri ne. Mu gaishe su daga mota."

Sai ya laluba aljihu ya fito da gwangwani,
ƙugiyoyi tara a naɗe cikin tsumma.
Sun ƙetare filin jirgi biyu ba wanda ya tanka.
Shekara arba'in a kan Kwara,
yau uku ke nan hannun hagu yana rawa.
Na ce na yi waya da wani mai jirgi a Looe,
awa biyu yake kai mutane cikin teku.
"Akwai giwan ruwa?" Babu.
"Karfasa?" Babu, Baba, nasu daban ne.
Tanimu ya ƙara da cewa a kogunan nan
wasu kan kama, su ɗau hoto, su mayar.
Baba ya daɗe bai ce komai ba.
"Wato gaisuwa kawai suke zuwa."

Sha ɗaya ta wuce, na fito shan ruwa,
na tarar da fitilar falo a kunne.
Ramlatu tsaye a kan matashin kujera, hannu a ware,
Baba zaune, zare a haƙori, yana fama da ƙulli.
Bai ko ɗago ba ya ce,
"Karya gwiwa. Daina kallon ƙafarki.
Ruwa ba ya ɗaukar mai kallon ƙafa."
Ta karya. Ya gyaɗa kai.
Ƙullin ya kwance, ya sake farawa.

Na koma kicin a hankali,
na ƙara a jerin kaya: yaji, maganin hawan jini,
safa mai kauri, tawul huɗu.
Miyar kuka ta ɗiga a taswirar,
can yamma da gaɓa, inda babu komai sai shuɗi.
Na ɗauko tsumma zan goge,
sai na bar ta.
Da safe zai tambaye ni sunan tsibirin.