Ƙarfen da Ya Yarda a Ci Shi

A Suwame, bayan layin masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta da ciyawa,
Masta Mumuni ya ɗora min zobe mai launin zuma a tafi.
Ya ce, "Me ka gani?"
Na ce rami ne kawai da bango.
Ba ƙwallaye irin na boris, ba abin da ke gudu a ciki.
Ya ce, "To, ka ga bushin."

Da tsofaffin kawunan famfo muke yin sa.
Yaran Aboabo su kawo a buhu, mu auna, mu narka.
Jan ƙarfe shi ne uwar miya,
kuza ɗan gishiri,
darma kuwa, in ya ga dama, tsunkule ɗaya
don ta yi santsi ranar da mai ya makara.
A zuba a yashi, a jira ya huce,
a ɗaura a inji ana fere shi kamar rake
har sanda ta shiga ba dole, ba lilo.

Tsakaninsu akwai fili.
Gashin kaina ya fi shi kauri.
Nan mai ke zama, kamar dattijo tsakanin masu rabon gado.
Sanda na fara juyi sai ta jawo shi ƙarƙashinta,
ta hau, ta yi iyo,
ƙarfe biyu su yini tare ba su taɓa juna ba.
"Bushin ba ya son bushewa," in ji Masta,
yana yanka masa 'yar kwata a ciki da bakin kurfi.

Ya ce kakansa na katako ya yi wa keken shanu,
icce mai tauri da ya kwana bakwai a manja.
Yanzu har na roba ana kawowa cikin leda.
Yakan juya su a hannu, ya tsuke baki, ya ajiye.

Shekarata ta uku kaina ya kumbura.
Maame Pokuaa ta kawo aikin injin niƙanta daga Asawase,
Masta ya tafi jana'iza.
Na ce me ya sa kullum sai mai laushi?
Na zaɓi baƙin ƙarfe, na gasa, na tsoma a ruwa,
na ce wannan har jikokinta.

Kwana goma sha ɗaya.
Ta dawo da sandar a kafaɗar ɗanta, zani a ɗamare,
masarar masu dokunu ta yi tsami a robobi.
Bushin nawa lafiya lau, yana ƙyalli.
Sandar ce ta rame kamar an tauna.

Masta bai ɗaga murya ba.
Ya ƙirga sidi daga aljihun gaba, ya biya kuɗin sabuwa.
Da yamma ya tsaga wani tsohon na tagulla,
ya nuna min tsakuwa ƙanana da suka nutse a jikinsa.
"Ya haɗiye su don kada su karce ta.
Naka da ya samu, tura mata ya yi.
Mai araha ake sa wa ya mutu, Tanimu.
Sanda tsada gare ta."

Bana gwiwarsa ta ƙi tashi.
Likita ya ɗaga hoto a fitila,
ya ce guringuntsi ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi.
Masta ya yi dariya har da tari:
"Shekara arba'in a tsaye. Ai ya yi ƙoƙari."

Yanzu ni ke kunna inji da safe.
Shi yana kan benci, ƙafa a miƙe,
yana jin aikina da kunne.
In sautin ya sauya, sai ya buga sandarsa a ƙasa.
In na tashi, in wanke hannu da kananzir,
in ɗebo man kaɗanya,
in durƙusa.