Ɗari Biyu Ba Shida

Abin da Gwaggo Tasalla ta bar mini
ba gona ba ne, ba tunkiya ba,
gwangwanin madara ne mai lotsattsen murfi.
Na girgiza, ya amsa, cas-cas.
Na zazzage a faranti, na ƙirga sau biyu:
fil ne, ɗari biyu ba shida.

Ita ce mai zaga shagunan teloli a Tudun Wada
da tsohon buhu a hammata,
tana tsintar abin da almakashi ya tofar,
kunnen atamfa, guntun shadda,
ragowar kaki na wandon ɗan firamare.
A gidanmu na Kwarbai, a gindin gwanda,
take sasanta su, ƙyalle da ƙyalle,
har su yarda su zama abin rufa guda.

"Allura ake yabo," in ji ta,
"amma kafin zare ya iso,
wa ya riƙe amanar?"

Ranar sayen fil ba a gaggawa.
A Sabon Gari, gaban teburin Obiageli,
sai an ɓare mata kwali.
Ta zari ɗaya, ta soka a gefen zaninta.
In ya shige shiru kamar maras gaskiya, nata ne.
In ya ja zare, ya ce ƙis,
ta mayar, ko da gyara za a ba ta.
Gajere ba ya ɗaukar hawa uku,
fuska da auduga da baya,
mai kauri kuwa rami yake bari, kamar gara ta wuce.
Kan kuma sai ta ƙwanƙwasa a haƙori:
na gilashi yana magana,
na roba bebe ne,
kuma dutsen guga na taɓa shi zai narke a kan aikinka.
Obiageli takan yi dariya, ta ce,
"Mama, fil za ki saya ko doki?"

Matashinsu da hannunta ta ɗinka.
Yashin Kubanni ta tankaɗe,
ta soya a kasko har ya daina numfashi,
ta ɗura, ta liƙe baki.
Duk shiga da fita, wasawa ce.
Wanda ya yi taurin kai ta goga shi a gashinta,
ko a busasshen sabulu.
Wanda ya tanƙware ba ya komawa cikin jama'a,
kwalbar magani ce makomarsa.
Kafin magariba, mayen ƙarfen da ta ciro a mataccen rediyo
sai ya lashe tsakar gida kaf,
don yaranmu ba su san takalmi ba.
Ranar da na sa biyu a baki kamar tela,
ranƙwashin yana nan, ina iya nuna wurin.

Wata damina na mance ɗaya a farar shadda.
Kwana arba'in ruwa na zuba.
Da na zare, ga ɗigo biyu ja,
kamar saran maciji.
Lemun tsami bai fitar ba, toka ba ta fitar ba.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta ɗauki ƙyallen ta sa a tsakiyar abin rufata,
daidai inda haɓata ke sauka.
Shekara goma sha tara ina kwana da shi.

Jiya na buɗe adakarta don in raba kaya.
A ƙasa, a naɗe, aikin da ba ta gama ba,
shuɗi da ruwan goro da wani kore da ban san sunansa ba.
Kusurwa ɗaya babu zare ko kaɗan.
Su shida ne a wurin, a jere,
kawunansu na ƙyalli,
suna riƙe da abin da ta ce su riƙe.

Na kai hannu, na janye.
Yadda ta soka su, haka suke.

Amma hadari ya haɗo ta wajen Kufena,
iska tana warin ruwa,
kuma na san abin da damina ke yi wa ƙarfe.
Miƙo mini allura, Lantana.
Jawo fitilar nan kusa.